Haɗa Baƙin Ƙarfe Da Sitenles: Jan Hankali Ga Masu Ƙera Mota A Gida

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana da ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka ɗaura aniyar ƙera mota da hannunsu a ƙofar gida ko a gareji, da kuma 'yan uwanmu masu walda da ake kai wa aikin. Ana yawan ganin hotunan irin waɗannan motoci a Facebook: an ɗora injin babur ko na tsohuwar mota a kan shasin da aka haɗa da fayif mai kusurwa huɗu, an yi mata kwalliya da ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, wato sitenles. Abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai wanda ya san aikin, in ya ƙura wa hotunan ido, yakan hangi wuraren da aka manna sitenles a jikin baƙin ƙarfe da sandar walda ta gama-gari, irin wadda ake yin ƙofa da taga da ita. Wannan haɗin ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Ranar da aka yi shi lafiya lau yake a ido, sai an yi wata biyu ko uku ana dukan ramuka, ya ɓalle kamar busasshen kara.

Ba muna cewa ƙarafan biyu ba sa haɗuwa ba ne. Suna haɗuwa, kuma kullum ana haɗa su a matatun mai da masana'antun abinci. Abin da ake jayayya a kai shi ne da wace sanda, kuma a wane sashe na mota.

Baƙin ƙarfen da ake yin shasi da shi kusan zallan ƙarfe ne, da ɗan kabon da bai wuce kashi 0.25 cikin 100 ba. Sitenles kuwa ba ya amsa sunansa sai kuromiyam ɗin da ke cikinsa ya kai aƙalla kashi 10.5. Wanda aka fi sani, mai lamba 304, yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Idan ana walda, abu uku ne ke narkewa su gauraya a ɗan tafkin da ke ƙarƙashin wuta: sandar kanta, gefen baƙin ƙarfe, da gefen sitenles. A aikin sanda na yau da kullum, kusan kashi 70 na abin da ya daskare daga sandar yake, sauran 30 ƙarafan biyu ne suka raba, kowanne 15. Daga nan lissafin mai sauƙi ne, kuma muna so kowane mai walda ya yi shi da kansa ko sau ɗaya ne.

A ɗauki E6013, sandar da ke cikin kowane shagon walda. Babu kuromiyam a cikinta, babu nikel. Abin da zai shiga waldar sai wanda gefen sitenles ya bayar: kuromiyam kusan kashi 2.7, nikel 1.2. Wannan bai isa ya hana tsatsa ba, amma ya isa ya sa ƙarfen ya yi tauri da kansa yayin da yake hucewa a iska, tamkar yadda maƙeri ke tsoma wuƙa a ruwa don bakinta ya yi ƙarfi. Masana suna kiran wannan yanayi matensait. Tauri ne irin na gilashi, ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Ga gwaji mai sauƙi: a goga magagari a kan waldar. In ya ci, da sauƙi. In ya zame yana ƙara bai cire komai ba, to matensait ne. Ƙari a kan haka, rigar E6013 tana sakin haidirojin cikin narkakken ƙarfe, shi kuwa in ya haɗu da wuri mai tauri yakan haifar da tsaga da ba ta fitowa nan take. Takan ɗauki awoyi, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, bayan mai mota ya biya kuɗi ya tafi.

Wasu sun gane wannan, sai su sayi sandar sitenles kowace iri ce, galibi 308L, suna ganin ai sitenles sitenles ne. Kama da wane ba ta wane. An yi 308L ne don haɗa 304 da ɗan uwansa 304, kuromiyam ɗinta kusan 20 ne, nikel 10. Da baƙin ƙarfe ya tsinka ta, za ta sauko zuwa 16.7 da 8.2, wato tana bakin gaɓa. In ƙarfen siriri ne ko an ƙara wuta, har rabin waldar ya zama daga ƙarafan biyu, za ta faɗo zuwa 14.5 da 7, matensait ya sake kunno kai. Sau da yawa takan riƙe, shi ya sa masu amfani da ita ke rantsuwa da ita, amma riƙon sa'a ne.

Sandar wannan aiki ita ce 309L. An cika mata kuromiyam kusan 24 da nikel 13 da gangan, don ko an tsinka ta ta rage da abin da zai ishe ta. A lissafinmu na kashi 30 za ta tsaya a 19.5 da 10.3, wato waldar da kanta ta zama sitenles na ƙwarai mai laushi da juriya. Wannan lissafi ba sabo ba ne, tun 1949 wani masanin ƙarafa a Amurka mai suna Anton Schaeffler ya fitar da taswirar da ake duba sakamakon irin wannan gauraye, har yau kuma ana aiki da ita. Harafin L da ke ƙarshen lambar yana nufin kabon kaɗan ne, bai wuce 0.04 ba a sanda, kuma yana da muhimmanci, za mu dawo kansa. A jikin sandar za a ga an buga E309L-16. Lambar 16 ko 17 na nufin tana ci da injin taransifoma mai wutar AC da kuma inbata mai DC. Mai lamba 15 ba ta aiki sai da DC. Kada a sayi sandar da ba a buga lamba a jikinta ba, komai rantsuwar mai shago. Akwai kuma E312, mai kuromiyam 29 da nikel 9, wadda ke da amfani idan ƙarfen da za a haɗa ba a san asalinsa ba, ko mai kabon ne da yawa irin sifirin mota. Amma ba a kai ta wurin da zai riƙa yin zafi sosai, domin dogon zafi na sa ta gautsi.

Mun san kwalin 309L ya ninka na E6013 a kuɗi sau da yawa. Amma mota guda ba ta cin fiye da sanda goma zuwa ashirin a irin wannan haɗi, in dai an yi shi a inda ya dace kawai, kuma akwai masu sayarwa ɗai-ɗai.

Kafin a kunna inji, a san wane ƙarfe ne a hannu. Wanda ya je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan aiki, yawancin abin da zai samu na hannu ne, babu takarda babu lamba. Maganaɗisu shi ne abokin tafiya. Ba ya kama 304 da 316, sai ɗan kamu kaɗan a wurin da aka lanƙwasa. Yana kama 409 da 430 sosai, duk da cewa su ma sitenles ne. Shi 409, mai kuromiyam kusan 11, da shi ake yin salansar yawancin motocin zamani, yakan yi ja-ja a sama amma ba ya ɓulewa da wuri. Akwai kuma 201, wanda aka rage masa nikel aka cike da manganis, shi ne yawancin fayif ɗin ado da ake yin kujeru da makarin bene da shi. Maganaɗisu ba ya kama shi, don haka ake sayar da shi da sunan 304, ga shi kuma sau da yawa kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Sannan akwai baƙin ƙarfe da aka yi wa rufin kurom, yana ƙyalli ya fi kowa. A goge gefensa da girenda, a jiƙa da ruwan gishiri a bar shi ya kwana. Da safe tsatsa za ta tona asirinsa. Tartsatsin girenda ma na faɗin gaskiya: na baƙin ƙarfe dogo ne, mai haske, yana rassa a ƙarshe, na sitenles bai kai shi yawa da rassa ba. A guji 303, wanda ake sassaƙa ƙananan kaya da shi a injin lez. An zuba masa farar wuta don ya yi sauƙin yanka, ita kuma tana tsaga walda tun tana da zafi.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi a wannan wasiƙa. Akwai wuraren da bai kamata wannan haɗi ya je ba, ko da 309L ce, ko da wa ya riƙe sandar: ginshiƙan shasi, mariƙan shokzoba da hannuwan ƙafa, mazaunin sitiyari, mariƙin birki, wurin ɗaura bel ɗin kujera, da kejin da ke kare direba in mota ta kife. Mutane na ɗauka sitenles ya fi baƙin ƙarfe ƙarfi saboda tsadarsa da wahalar hudawa. Ba haka ba ne. A ma'aunin ƙarfin ƙarfe da ake kira megafaskal, 304 yana fara lanƙwasar da ba ta komawa a kusan 205 zuwa 215, baƙin ƙarfe na gini mai lamba S235 kuwa sai ya kai 235. Wajen ƙin lanƙwasa ma baƙin ƙarfen ya ɗan ɗara shi. Ashe babu abin da aka ƙaru da shi sai ƙyalli da ƙarin wurin da tsaga za ta iya farawa. A Ingila, inda ƙera mota a gida ya zama al'ada, masu kwaikwayon motar Lotus Seven, wadda ta fito a 1957, galibi da baƙin fayif mai kusurwa huɗu suke yin shasi, milimita 25 a kowane gefe, kauri 1.6, daga farko har ƙarshe iri ɗaya. Dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta ce kejin kariya da baƙin ƙarfe marar ɗinki za a yi shi, wanda kabon ɗinsa bai wuce 0.3 ba. Hatta DeLorean, motar da ta yi suna a 1981 saboda jikinta na sitenles, ba a yi waldar fallayenta a kan shasi ba. Ɗaura su aka yi a kan wani jiki na faiba, shasin kuma baƙin ƙarfe ne.

Haka maganar take ga noti. Bol ɗin sitenles da aka buga wa A2-70 yana fara miƙewa a megafaskal 450, baƙin bol mai lamba 8.8 kuwa sai 640. Wanda ya cire 8.8 daga ƙafar mota ya sa mai ƙyalli ya rage wa ƙafar ƙarfi ne da kuɗinsa. Ga shi kuma bol da noti na sitenles suna cije juna in an ɗaure su a bushe, har sai an yanke. A bar su wajen ɗaura lamba, fitila da fallayen jiki, a shafa musu man hana cizo.

Fallayen jiki da na ƙasa, a yi musu ribit ko noti, a sa gam na roba tsakaninsu da shasi. Wanda injinsa na babur ne ma ya sake tunani: falle mai faɗin mita 1 a kowane gefe da kaurin milimita 1 yana da nauyin kusan kilo 8 in sitenles ne, in alminiyam ne 2.7. Tankin mai na sitenles abu ne mai kyau, amma kada a yi masa walda a jikin shasi. Shasi yana murɗawa a kan hanya, tankin da aka manna masa zai tsage a bakin waldar, mai ya riƙa ɗiga kusa da salansa. A ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe guda biyu da roba a ƙarƙashinsu. Sabon tanki a gwada shi da iska kaɗan, kada matsinta ya wuce 0.2 a ma'aunin bar, a bi ɗinkin da ruwan sabulu. Tankin da ya taɓa ganin fetur kuwa, wanki da ruwa ba ya raba shi da tururi, ba a kai masa wuta.

Ina haɗin ya dace ke nan? Salansa, ƙananan mariƙai, makarin gaba na ado, matakala, da makamantansu. A salansar ma akwai sharaɗi, domin ƙarafan biyu ba su yarda da juna a kan zafi ba. Mita ɗaya na baƙin ƙarfe yana ƙara tsawon kusan milimita 1.2 a kowane digiri 100, na 304 yana ƙara 1.7. Kusa da inji, inda hayaƙin fetur ke wuce digiri 600, duk tashin mota da kashe ta sai ɗaya ya ja ɗaya, kuma a bakin waldar ake wannan kokawa. Sannan daga kusan digiri 400 zuwa sama, kabon yakan riƙa ƙaura daga baƙin ƙarfe zuwa cikin waldar sannu a hankali, ya bar wani siririn layi mai rauni a gefen baƙin ƙarfen. Nan tsagar ke bi, ta zagaye fayif kamar an zana da reza. A tashoshin lantarki da waya mai nikel da yawa ake maganin wannan, irin ERNiCr-3, amma tsadarta ta fi ƙarfin aikin gida. Dabara mai araha ita ce a matsar da haɗin baya, ƙarƙashin tsakiyar mota ko bayanta, inda fayif ya huce. In dole ne a haɗa kusa da inji, a yi falanji biyu, wato faifan ƙarfe masu ramukan noti a bakin fayif, da gasket, kowanne da irin ƙarfen fayif ɗinsa, a ɗaure da noti. A sa guntun fayif mai lanƙwasa bayan inji, a rataye salansar da roba, kada a ƙafe ta a shasi. In sitenles ɗin 409 ne, matsalar miƙewa ta ragu sosai, don shi kusan tafiyarsu ɗaya da baƙin ƙarfe. Manifol na zubi kuma, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga jikin inji, ba baƙin ƙarfen da muke magana a kai ba ne, sandarsa daban ce, ta nikel.

Sai yadda ake aikin. A goge gefen baƙin ƙarfe har ya yi fari, aƙalla milimita 25 daga bakin haɗi, babu fenti, babu tsatsa, babu baƙin ɓawon masana'anta. In galbanaiz ne, a goge tutiyar tas ciki da waje, a ƙara nisa, domin narkakkiyar tutiya tana kutsawa cikin sitenles mai zafi ta tsaga shi nan take. Faifan girenda da burushin da suka taɓa baƙin ƙarfe kada su hau sitenles, suna dasa masa ƙurar ƙarfe, damina na zuwa ya fito da ɗigon tsatsa ko'ina. A ware masa nasa, a yi musu alama da fenti. A share maiƙo da asiton ko tina, a bari ya bushe. Kada a yi amfani da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, wutar walda na mai da shi iskar fosjin mai kisa. In a jikin mota ake aikin, a cire kan batir, a zare kwamfutar inji in akwai, a maƙala wayar at, wato wayar injin walda da ake kamawa a jikin ƙarfe, kusa da wurin walda don kada wuta ta bi ta cikin boris.

Sitenles ba ya tafiyar da zafi sosai, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da baƙin ƙarfe ke tafiyarwa yake iyawa. Zafin yana taruwa wuri guda, shi ya sa yake saurin ɓulewa da karkacewa. Sandarsa ma tana yin ja tun ba a kai rabinta ba in wuta ta yi yawa, rigar ta fara zubewa. Don haka a rage wuta ƙasa da yadda aka saba. Sanda mai milimita 2.5, wadda muke kira geji 12, tana son amfiya 50 zuwa 75. Mai 3.2, geji 10, tana son 80 zuwa 110, kuma ba ta da aiki a ƙarfen da bai kai milimita 3 ba. A fayif ɗin salansa mai kaurin 1.5, a nemi sanda mai milimita 2, a tsaya tsakanin 35 da 50. Da inbata, sandar a kan wayar fulos take. Za a lura harshen wutar na karkata ta gefen baƙin ƙarfe, saboda shi ne mai jan maganaɗisu, sai ya riƙa cinsa da yawa yana tsinka waldar. A gajarta tazarar sanda, a ɗan karkata ta wajen sitenles, in ya ƙi a sauya wa wayar at wuri. Injin AC bai cika yin wannan ba.

Siririn fayif baki da baki da sanda wahala ce kawai. A buɗa bakin ɗaya a zura ɗayan milimita 20 zuwa 25, na gaba ya shiga cikin na baya don hayaƙi ya wuce bai daki baki ba. In an samu sitenles ɗin ne a ciki, ya fi, domin yana zafi yana ƙara matsewa. A ɗiga riƙo huɗu, sama, ƙasa, dama, hagu. A falle kuwa a ɗiga kowane milimita 25 zuwa 30, kusa da juna fiye da yadda ake yi wa baƙin ƙarfe. Sannan a ja gajerun layuka, milimita 20 zuwa 30, a tsallaka ɗaya gefen, a dawo. Layi miƙaƙƙe, ba a lilo da sanda. A ƙarshen kowane layi a ɗan dakata a cike ramin kafin a ɗaga hannu, in ba haka ba tsaga mai kamar tauraro za ta fito a tsakiyarsa. In akwai guntun jan ƙarfe, a matse shi a bayan haɗin, yana shanye zafi kuma walda ba ta kama shi. Tsakanin layi da layi a bari ya sauko ƙasa da digiri 150. Ba a gasa ƙarfen kafin a fara, ba a gasa shi bayan an gama, kuma a daina kwara masa fiya wata don sauri. A yi hattara da ɓawon wannan sanda, yana tsalle da kansa yayin hucewa. Idanu da yawa sun sha shi bayan an ɗaga gilashi ana duba aiki.

Launin waldar zai ba da labari. Ruwan zinariya ko na kara, aiki ya yi. Shuɗi, zafi ya ɗan yi yawa. Toka ko baƙi mai kaushi, an ƙone shi. Sitenles in ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850, kabon yana kama kuromiyam ya ɗaure shi, gefen waldar ya rasa abin da ke kare shi, ya yi tsatsa kamar kowane ƙarfe. Amfanin harafin L ke nan, da kuma amfanin saurin hannu.

Mai injin agon, wato TIG, shi ya fi kowa samun sauƙi a siririn fayif: agon zalla lita 6 zuwa 8 a minti, tsinken tongstin milimita 1.6 a wayar mainos, wayar ciko ER309L, amfiya 40 zuwa 55 a kaurin 1.5. Sai dai kada ya narka bakunan biyu su haɗu babu ciko, yadda ake yi in duka sitenles ne. Rabi da rabi zai ba da kuromiyam 9 da nikel 4, matensait tsantsa. Ya riƙa ciyar da waya da yawa. In baki da baki ne, ya toshe fayif ɗin ya cika cikinsa da agon, in ba haka ba bayan waldar zai yi baƙin ƙurji mai kama da ƙonannen sukari, daga can tsaga ke farawa. Mai MIG, wato injin da ke turo wayar walda da kansa, ya nemi ER309LSi mai milimita 0.8 da gas mai agon 98 da CO2 kashi 2. CO2 zalla da ake yin baƙin ƙarfe da shi yana ƙone kuromiyam, yana ƙara wa waldar kabon. Waldar gas ta kabad kuwa, wadda masu gyaran salansa suka fi sabawa da ita, ba ta dace da sitenles ba. Harshen yana haifar da wani ɓawo na kuromiyam da ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,400, ga faɗin wurin da yake gasawa. In ita kaɗai ke akwai, a sa kilam a ɗaure. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bayan walda sai tsatsa. Duk inda ƙarafan nan biyu suka haɗu ruwa ya zauna, sun zama ƙaramin batir, kuma baƙin ƙarfen ne ke cinyewa. Abin ya fi muni in baƙin ƙarfen ƙarami ne sitenles ɗin babba, kamar ɗan baƙin mariƙi a jikin babban tanki. Bol ɗin sitenles a faffaɗan baƙin ƙarfe bai cika yin ɓarna ba. A Arewa rani na rufa mana asiri, amma taɓon damina da ke maƙalewa a ƙarƙashin mota yana riƙe laima makonni, motar da za ta zauna Legas ko Fatakwal kuma ga iskar gishiri. A kankare ɓawon tas, a goge da burushin sitenles, a shafa fenti na ƙasa da na sama a kan baƙin ƙarfen da waldar, a haura kan sitenles ɗin da kamar milimita 30 zuwa 50. Kuskuren da ake yi shi ne a tsayar da fenti daidai bakin walda don kada a ɓata ƙyalli, sai tsatsa ta taru a ɗan wurin da fentin ya kwaɓe ta huda shi. A salansa fenti mai jure zafi ake sawa. Man asid ɗin da ake wanke waldar sitenles da shi kada ya zo nan, yana cin baƙin ƙarfe, kuma asid ɗin da ke cikinsa yana ratsa fata har ƙashi.

Hayaƙin sandar sitenles ba irin wanda aka saba ba ne, yana ɗauke da wani nau'in kuromiyam da ke jawo kansar huhu. A 2017 ma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda gaba ɗaya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A yi aikin a fili, iska na kaɗa hayaƙin gefe, kai ba ya cikinsa, a sa takunkumi mai matata. Gwangwanin madarar da ake sha bayan aiki abinci ne, ba ya wanke huhu.

Kafin a taɓa motar, a yanki guntaye biyu daga ainihin ƙarafan da za a haɗa, a yi musu walda da sandar da wutar da za a yi aikin da su. A bari su huce, a goga magagari. A matse a bais, a doka da guduma har su lanƙwashe kamar kusurwar bango. Waldar kirki za ta lanƙwasa tare da ƙarfen, in za a yage sai dai baƙin ƙarfen ya yage can gefe. In ta ɓalle a tsakiya, fuskar karayar na ƙyalli kamar gishiri, to sandar ba ita ba ce ko wuta ta yi yawa. In ta ɓare daga gefe ɗaya ta bar bakin ƙarfen sumul, wuta ba ta ci wannan gefen ba. A kan aikin da aka gama kuma, a shafa kananzir, a ba shi minti 15, a goge tas, a shafa alli da aka dama da sifirit. In akwai tsagar da ido bai gani ba, kananzir zai fito ya zana ta a jikin allin. A maimaita wannan bayan kwana biyu, sannan bayan tafiyar makon farko.

Mun gode, Edita, da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu sana'ar walda da kanikanci,
Kaduna.